DARASIN WANNAN WATA: KOWACE BINDIGA DA HARSASHINTA

An gama kaka, an kai amfanin gona rumbu. Yanzu lokacin farauta ya kama. A ƙauyukanmu na Ƙaramar Hukumar Batagarawa, kamar Ajiwa da Bakiyawa da Barawa da Jino da Tsanni da Kayauki, mafarauta sun fara sauko da bindigoginsu daga inda suka rataye su tun farkon damina. Ban da masu farauta, akwai masu gadin gari da dare saboda halin tsaro da ake ciki.

Darasinmu na wannan wata a kan harsashi ne. Mutane da yawa suna zaton duk harsashin da ya shiga bindiga ya dace da ita. Wannan zato ya raba wasu da yatsunsu, ya raba wasu da idanunsu. Za mu ɗauki misali da tsohuwar bindiga mai ɗura kanta, domin ita ce ta fi nuna bambancin harsashi a fili. Daga nan za mu zo kan bindiga mai baki ɗaya da mai baki biyu da kuma bindigar toka. A karanta a hankali. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

KALMOMIN DA ZA MU YI AMFANI DA SU

Bututu: dogon ƙarfen da harbi yake bi ya fita.
Ɗakin harsashi: gindin bututu, inda harsashi yake zama kafin a harba.
Kwanso: rigar harsashi, ta roba ko ta takarda, mai gindin ƙarfe.
Albarushi: garin da yake kama wuta ya tura harbi.
'Ya'yan dalma: ƙwayoyin da suke fita su sami dabba.
Sakata: ƙarfen da yake rufe bayan harsashi a cikin bindiga.
Kunama: ɗan ƙarfen da ake ja da yatsa.

ABUBUWA HUƊU DA SUKE BAMBANTA HARSASHI

Na ɗaya, kauri. Kowace bindigar farauta tana da lamba. Wadda aka fi sani a ƙasarmu ita ce mai lamba 12. Akwai kuma mai lamba 16 da mai lamba 20. Faɗin ramin bututun mai lamba 12 ya kai kamar milimita 18 da rabi. Na mai lamba 20 bai cika milimita 16 ba. Ku lura da kyau: in lamba ta ƙaru, rami raguwa yake yi. Mai lamba 20 ta fi mai lamba 12 ƙanƙanta.

Na biyu, tsawo. Harsashi mai lamba 12 yana zuwa da tsawo iri-iri. Akwai milimita 65, da 70, da 76, da 89. A lissafin inci, 70 shi ne inci biyu da kashi uku cikin huɗu, 76 kuma shi ne inci uku. Ana rubuta wannan tsawo a jikin kwali, sau da yawa har a jikin kwanso. Ana kuma buga tsawon ɗakin harsashi a jikin bututun bindiga. Misali, za ka ga an rubuta 12/70 ko 12/76.

Na uku, nauyi. Wannan shi ne nauyin 'ya'yan dalma da ke ciki. Mai sauƙi yana ɗauke da giram 24 ko 28. Matsakaici yana ɗauke da giram 32. Mai nauyi yana ɗauke da giram 36. Dogon nan mai milimita 76, wanda ake rubuta wa Magnum, yakan wuce giram 40.

Na huɗu, girman 'ya'yan dalma. Lamba 7 da lamba 6 ƙanana ne, na kurciya da fakara. Lamba 4 ya fi su girma, na zomo da zabon daji. Masu alamar BB da AAA da SSG manya ne, na babbar dabba. Nan ma in lamba ta ƙaru, ƙwaya ƙanƙancewa take yi.

YADDA BINDIGA MAI ƊURA KANTA TAKE AIKI

Bindiga mai baki ɗaya ko baki biyu, kai ne za ka karya ta, ka cire kwanso, ka sa sabon harsashi. Mai ɗura kanta kuwa ita take yi wa kanta wannan aiki. Ka ja kunama sau ɗaya, ta harba sau ɗaya, ta tofar da kwanso, ta ɗauko sabon harsashi. To, ina take samun ƙarfin yin haka?

Idan albarushi ya kama wuta, yana zama iska mai zafi da ƙarfi ƙwarai. Wannan iska ita take tura 'ya'yan dalma cikin bututu. A ƙarƙashin bututun akwai ɗan rami ɗaya ko biyu, ƙanana. Da zarar harbi ya wuce ramin, sai kaɗan daga cikin iskar ta bi ta nan. Iskar ta tura fistin, irin yadda ake tura fistin a injin ban-ruwa ko na babur. Fistin ya tura sakata baya. Sakata ta jawo kwanso ta jefar. Sannan sifirin ya maido da sakata gaba, ta tura sabon harsashi cikin ɗaki. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido.

Masu noman rani a madatsar ruwa ta Ajiwa za su fi saurin ganewa. Ruwa yana tafiya a babbar magudana. Manomi ya fasa 'yar hanya zuwa fangalinsa. Faɗin 'yar hanyar ba ya canzawa. Ranar da ruwa ya yi kaɗan, ba zai kai ƙarshen fangali ba. Ranar da ya yi yawa, sai ya fasa kunya ya kwashe shuka. Ramin iska na tsohuwar bindiga haka yake. An huda shi daidai da harsashi iri ɗaya. Ba ya buɗewa, ba ya tsukewa.

IDAN HARSASHI YA YI MATA SAUƘI

Ka ɗauka an ƙera bindiga domin harsashi mai nauyi, sai aka sa mata mai giram 24. Iskar da za ta bi ta ramin ba za ta isa ba. Sakata za ta yi baya rabin hanya ta tsaya. Wani lokaci kwanso ya maƙale a ƙofa. Wani lokaci ya koma cikin ɗaki. Wani lokaci kwanso ya fita, amma sabon harsashi bai shiga ba.

Bindigar ba ta lalace ba, ƙarfi ne bai ishe ta ba. Amma akwai hatsari a nan. Mai bindiga yakan ruɗe, ya shiga jijjiga ta, yana juya bakinta ko'ina, alhali akwai sauran harsashi a ciki. A irin wannan lokaci ne ake harbin abokin tafiya ba da niyya ba.

IDAN HARSASHI YA YI MATA NAUYI

Wannan ya fi muni, domin ba a ganin ɓarnar nan da nan. Iska mai yawa tana tura sakata da ƙarfin da ya wuce kima. Sakata ta riƙa dukan bayan gidan bindiga. Yau duka, gobe duka, har ƙarfe ya tsage ko wani abu ya karye a ciki.

Ga alamun da ake gani. Bindiga tana naushin kafaɗa fiye da yadda ta saba. Kwanso yana tashi nesa ƙwarai. Gindin kwanso yana fitowa a kumbure ko a yage. Wanda ya ga haka ya tsaya, kada ya ƙara harbi.

YADDA MAƘERAN TURAI DA AMURKA SUKA YI DA WANNAN MATSALA

Bindigogin farauta masu aiki da iskar harbi sun fara yaɗuwa a Amurka a shekarun 1950. A 1956 kamfanin Remington ya fito da wadda ake kira Sportsman 58. A kan murfinta na gaba akwai alama biyu, H da L. Mai harbi zai murɗa zuwa H in harsashinsa mai nauyi ne, domin iska ta sami hanyar fita. Zai murɗa zuwa L in mai sauƙi ne. Wanda ya manta bai murɗa ba, ko dai bindiga ta ƙi ɗurawa, ko ta sha duka.

A 1963 kamfanin ya fito da Remington 1100. Ta yi suna ƙwarai, an ƙera fiye da miliyan 4. Ita iri biyu ce a lamba 12. Mai ɗakin milimita 70 tana da ramin iska biyu. Mai ɗakin milimita 76, wato Magnum, tana da rami ɗaya, domin harsashinta ya fi ƙarfi. Shi ya sa Magnum ɗin takan ƙi ɗura harsashi mai sauƙi. Tana kuma da wani siririn zobe na roba da ke hana iska zurarewa. In zoben ya bushe ko ya tsinke, bindiga takan fara gardama.

Sai a 1987 suka fito da Remington 11-87, wadda take zubar da rarar iska da kanta. Kamfanin Beretta na Italiya ma ya yi irin wannan gyara a bindigarsa A390 a farkon shekarun 1990. Waɗannan sun fi haƙuri da harsashi iri-iri. Amma su ma ba a sa musu harsashin da ya fi ɗakinsu tsawo.

Akwai wata tsohuwa da ake kira Browning Auto-5, mai ɗan doro a baya. An fara ƙera ta a Beljiyam tun farkon shekarun 1900. Ita ba ta aiki da iska. Da naushin harbi take ɗura kanta. Duk da haka ita ma tana da zobba da ake jerawa daban domin harsashi mai nauyi da mai sauƙi.

Abin da za mu koya shi ne, su kansu maƙeran da suke da injuna da ma'auni ba su yarda a zuba wa bindiga kowane harsashi ba.

KURAKURAI UKU MASU FASA BUTUTU

Waɗannan sun shafi kowace bindigar harsashi, har da mai baki ɗaya da mai baki biyu.

1. Dogon harsashi a gajeren ɗaki. Tsawon da aka rubuta a kwali tsawon kwanso ne bayan an harba, bakinsa ya buɗe. Kafin a harba, bakin a naɗe yake. Saboda haka harsashi mai milimita 76 zai iya shiga ɗaki mai milimita 70, bindiga ta rufe lafiya lau. Da an harba, bakin kwanso ba zai sami wurin buɗewa ba. Hanya ta tsuke, ƙarfi ya taru a gindin bututu, kusa da fuska da hannu. Gajeren harsashi a dogon ɗaki ba laifi. Dogo a gajere ba a yi. Tsofaffin bindigogi na zamanin Turawa da yawa ɗakinsu milimita 65 ne, har 70 ma ya yi musu tsawo.

2. Ƙaramin harsashi a babbar bindiga. In aka sa mai lamba 20 a bindiga mai lamba 12, zai zame ya shige cikin bututu ya maƙale. Mutum ya duba ɗaki ya ga ba kome, ya ƙara mai lamba 12 a baya, ya harba. Bututu zai fashe. Saboda wannan ne kamfanonin Amurka suke yi wa mai lamba 20 kwanso ruwan ɗorawa. Amma kada ka dogara da launi, karanta lamba. Kada kuma ka haɗa iri biyu a aljihu ɗaya.

3. Toshewar bututu. Laka ko yashi ko gidan zanzaro suna toshe bututu. Haka kuma in harbi ya yi ƙara mara ƙarfi, mai yiwuwa wani abu ya tsaya a ciki. Cire harsashi duka, ka leƙa daga gindin bututu. Sai ka ga haske sarai sannan ka sake ɗurawa.

Akwai kuma harsashi mai 'ya'yan ƙarfe maimakon dalma. Ƙarfe ba shi da taushi kamar dalma. Yakan kumbura bakin tsohon bututu. Kada a sa shi a tsohuwar bindiga.

BINDIGAR TOKA FA?

Yawancin mafarautanmu da 'yan bindigar hawan Salla da bindigar toka suke aiki, wadda ake ɗurawa ta baki. Darasin bai canza ba. Kowace bindiga tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Ta gida ma ta fi buƙatar kulawa, domin ba a gwada ƙarfin bututunta a ma'aikata ba.

Kada a farke harsashin kanti a juye garinsa a bindigar toka. Garin harsashin kanti ya fi baƙin albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba. Bututun gida ba zai ɗauka ba. Kada a ƙara albarushi domin neman ƙara mai ƙarfi ranar biki. Kada a ɗura sau biyu bisa mantuwa. A yi wa sandar ɗuri alama lokacin da bindiga take ba kome, domin a riƙa gane ko akwai ɗuri a ciki. Lokacin ɗuri kuma, a kau da fuska da ƙirji daga bakin bindiga.

KULA DA BINDIGA DA HARSASHI

Ƙurar hunturu tana haɗuwa da mai da toƙar harbi ta zama kamar ƙulli. Ita take toshe ramin iska, ta riƙe fistin. Bindigar da aka daɗe ba a goge ba takan ƙi ɗurawa ko da harsashin daidai ne. A goge bayan kowace fita. Mai kaɗan ya isa. Kada kowa ya ƙara faɗin ramin iska da ƙusa ko abin huji. Wanda ya yi haka ya mai da kowane harsashi mai nauyi ga bindigar.

Harsashi ba ya son laima, ba ya son zafi. Kada a ajiye shi kusa da murhu ko a rufin kwano. Wanda ya kumbura, ko gindinsa ya yi tsatsa, ko rubutunsa ya goge, a bar shi. In ka ja kunama bindiga ba ta tashi ba, kada ka buɗe nan take. Riƙe bakinta wajen da ba kowa, ka ƙirga zuwa 60, sannan ka buɗe.

A gida, bindiga ta kwana ba kome a cikinta. Harsashi ya kwana a akwati mai makulli, a wani wuri daban. Yara ba su san wasa da ganganci ba. Kafin a dafa naman farauta kuma, a tsince 'ya'yan dalma. Dalma guba ce, musamman ga yara da mata masu ciki.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku.

Bindigar toka da danginta masu ɗuri ta baki: lasisinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu: lasisinta yana ƙarƙashin Sufeto Janar na 'Yan Sanda.

Bindigogin da aka haramta: ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Dokar ta cire bindigar farauta mai ɗura kanta daga jerin waɗanda ake ba mutum lasisi na yau da kullum. Ta kuma cire duk mai na'urar ɗuri. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba.

Ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi. Lasisi na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa. Wanda mahaifinsa ya rasu ya bar bindiga a ɗaki, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, su raka shi ofishin 'yan sanda. A 2023 rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi. Mai buƙata ya je ofishinsu ya ji matsayin da ake ciki kafin ya kashe kuɗinsa.

A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina. Mai son taimaka wa tsaron garinsu ya bi ta hannun hukuma, inda ake ba da horo. Sayen bindiga a ɓoye yana jawo wa mutum da iyalinsa wahala biyu: hatsari da ɗauri.

IDAN TSAUTSAYI YA AUKU

A danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaure. Kada a zuba toka ko ƙasa ko baƙin mai. Kada a tono 'ya'yan dalma da wuƙa. In ido ne, a rufe shi ba tare da dannawa ba. A garzaya asibiti. Katsina ba ta da nisa da mu. Akwai Babban Asibiti da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta wajabta wa kowane asibiti ya karɓi wanda aka harba ya yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Saboda haka kada tsoro ya sa a ɓoye majiyyaci a gida. A kuma tambayi likita allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora.

A RIƘE WAƊANNAN

Karanta lambar da ke jikin bututu.
Karanta lambar da ke jikin kwali.
In ba su dace ba, kada ka ɗura.
In rubutu ya goge, kada ka yi cinta.
Kada ka nuna bakin bindiga ga mutum, ko da ka tabbata ba kome a ciki.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Lamba biyu ko uku da ka iya karantawa a ajin yaƙi da jahilci za su iya tsare maka hannun da kake riƙe fartanya da shi.

TAMBAYOYI

1. Tsakanin bindiga mai lamba 12 da mai lamba 20, wacce ta fi faɗin rami?
2. An rubuta 12/70 a jikin bututu. An rubuta 12/76 a jikin kwali. Za a ɗura ko ba za a ɗura ba? Me ya sa?
3. Me yake faruwa in harsashi ya yi wa bindiga mai ɗura kanta sauƙi?
4. Faɗi alamu biyu da suke nuna harsashi ya yi wa bindiga nauyi.
5. Wa yake ba da lasisin bindigar toka?
6. Lissafi: kwali ɗaya yana da harsashi 25. Kowane harsashi yana da dalma giram 32. Giram nawa ke nan duka?

AIKIN AJI

Malami ya rubuta waɗannan a allo: 12/65, 12/70, 12/76, 20/70. Kowane ɗalibi ya karanta da ƙarfi, ya faɗi wace lamba ce ta kauri, wace ce ta tsawo. Kada a kawo bindiga ko harsashi cikin aji. Allo da alli sun isa.

A rubuta amsoshi a kai wa malamin aji. Allah ya tsare mu, ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.